Wane murhu ya dace da mai abincin sayarwa?

Jawabi ga masu sayar da abinci na unguwar Bobiyel, a birnin Yamai. A karanta shi a cibiyoyin yaƙi da jahilci.

  

Yau maganar murhu za mu yi. Murhun sana'a muke nufi, wanda ake ɗora wa babbar tukunya tun asuba har dare. A nan Bobiyel kowane layi akwai mai abinci. Akwai mai tuwo da miya. Akwai mai shinkafa da wake. Akwai mai dambu, da mai ƙosai, da mai fanke, da mai shayi da ƙwai. Da yawa daga cikinku daga ƙauye kuka zo. Wasu sun zo cin rani, wasu sun zauna. Da wannan sana'a kuke biyan haya, kuke ciyar da yara, kuke aika wani abu gida.

Ga tambaya. Wa ya san nawa ya kashe a wuta a makon jiya? Kowa ya san kuɗin tiyar shinkafa. Kowa ya san kuɗin mai da na nama. Amma kuɗin icce da gawayi kaɗan-kaɗan suke fita, dala hamsin yanzu, dala ɗari an jima. Ba a jin fitarsu. Sai ƙarshen wata mace ta ce: na yi ciniki, amma ban ga kuɗi ba. Sau da yawa murhunta ne ya cinye ribar.

Don haka abu ɗaya muke so ku riƙe. Da lissafi ake zaɓen murhu. Kun koyi karatu, kun koyi rubutu da ƙidaya. To, ga inda za su yi muku rana.

Daga ina iccen yake zuwa?

Yamai ta girma. A ƙidayar shekarar 2012 mutanenta sun zarce miliyan 1, kuma kullum ƙaruwa suke. Duk wannan jama'a sai ta ci dafaffen abinci. Iccen da ake ƙonawa a birni daga karkara yake zuwa, daga dazuzzuka irin na wajen Sayi da Torodi. Manyan motoci ke kawo shi, da amalanke, da raƙuma. Idan daji ya yi nisa, kuɗin mota ya ƙaru. Idan kuɗin mota ya ƙaru, damin icce ya ƙanƙance.

Wannan damuwa ta daɗe. Tun 1965 aka fara dasa dogon yaro a gefen Yamai don a kare birnin. Bayan farin 1973 da 1974, an mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa tun daga 1975. A 1984 an yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A 1992 aka yi doka kan saye da sayarwa da jigilar icce zuwa manyan birane. Dokar ta ba mutanen ƙauye damar kafa kasuwannin icce na karkara, su kula da dajinsu, su sami rabonsu na kuɗin.

Ku da ke karanta wannan jarida a ƙauye, maganar ta shafe ku. Dajinku ne ke ci a ƙarƙashin tukwanen birni. Kuma a ƙauyenku ma akwai masu tuwon kasuwa, da masu masa, da masu dafa abincin biki. Mai abincin sayarwa tana ƙona icce fiye da gidaje da yawa. In ta gyara murhunta, ita ta ci riba, daji ma ya huta.

Tambayoyi huɗu kafin a sayi murhu

Kafin ki je kasuwa, zauna ki amsa tambayoyi huɗu. Ki rubuta amsar a littafinki.

Ta farko: me nake dafawa? Kowane abinci da irin wutar da yake so. Wake da ganda da ƙafar sa suna son wuta mai daɗewa. Suyar ƙosai da fanke tana son wuta tsayayya, wadda ba ta hawa ba ta sauka. Shayi da ƙwai da taliya suna son wuta mai saurin kamawa, a kunna yanzu a kashe yanzu. Tuwo kuma yana son murhu mai gindi, don tuƙi da babbar muciya aikin ƙarfi ne. Murhun da ke rawa a ƙarƙashin tukunyar tuwo zai ƙona mutum wata rana.

Ta biyu: wace tukunya nake ɗorawa? Kun sani kowace tukunyar dalma da lambarta. Tukunya ake fara zaɓa, sannan a nemo murhun da ya yi daidai da ita. Murhun ƙaramar tukunya ba zai ɗauki babba ba. Ƙaramar tukunya a babban murhu kuma asarar wuta ce.

Ta uku: wurin da nake zama nawa ne? In rumfar taki ce, ko kina girki a gidanku, kina iya gina murhun laka. In haya kike yi, ko a bakin hanya kike, inda ake iya tashinki gobe, nemi murhun da ake ɗauka.

Ta huɗu: wace makamashi zan samu kullum kusa da ni? Icce ne, ko gawayi, ko gaz? Ki tuna da damina, lokacin da icce ke jiƙewa. Ki tuna da ranar da za ki zagaya unguwa ba ki sami gaz ba. Masu cin abinci ba su jira. In sun zo sau biyu ba su samu ba, sun koma wurin maƙwabciya.

Yanzu bari mu ɗauki murahun ɗaya bayan ɗaya.

Murhun duwatsu uku

Shi muka gada. Ba a sayensa, kuma kowace tukunya tana zama a kansa. Amma shi ya fi kowane murhu cin icce. Masana sun auna shi. In an raba zafin iccen kashi goma, kashi ɗaya ne ko biyu ke shiga tukunya. Sauran iska ke kwashewa. Wato in kin sayi icce na jika ɗaya, abin da ya dafa miki abinci bai wuce na dala arba'in ba.

Ga kuma hayaƙi. Mai girkin gida tana shan hayaƙi awa biyu ko uku. Mai girkin sayarwa tana shansa wuni zubur, sau da yawa da goyo a bayanta. Hayaƙin yana sa ciwon ido, da tari, da ciwon ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3 a duniya. Kuɗin likita ma kuɗin murhu ne, sai ku sa shi cikin lissafi.

Murhun laka

A ƙasarmu ana ce masa Albarka. Duwatsu uku ne dai, amma an kewaye su da katangar laka, an bar ƙofa ɗaya ta sa icce. Katangar tana tare iska, tana tura wuta jikin tukunya.

Ga yadda ake yinsa. A sami laka mai kyau. A haɗa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu ko na jaki. A kwaɓa, a rufe, a bar ta ta kwana kamar mako ɗaya. Sannan a jera duwatsu uku, a ɗora tukunyar da za a riƙa girki da ita, a gina katangar a kewayenta har kusa da kunnuwanta. A bar ɗan fili tsakanin tukunya da katanga, kamar faɗin yatsa, don hayaƙi ya sami hanyar fita. A yanke ƙofa. A bar shi ya bushe sarai kafin a hura wuta.

Amfaninsa: kusan ba ya cin kuɗi, yana da gindi, ya dace da tuƙin tuwo, kuma laka tana riƙe zafi. Wadda ke girki tun safe har yamma ita ta fi cin moriyarsa, don in ya yi zafi sau ɗaya ya yi ke nan. Aibinsa: ba a ɗaukarsa, ruwan sama yana cinye shi, kuma yana tsagewa. Sai a yi masa rumfa, a riƙa shafe tsagar da laka tun tana ƙarama.

Murhun ƙarfe Mai Sauƙi

An yaɗa wannan murhu a Yamai tun shekarun 1980. An koya wa maƙera yadda ake yanka shi da awo. Da farantin ƙarfe ake yinsa, sau da yawa daga tsohuwar ganga. Tukunya tana shiga cikinsa. Yana da ƙofa, da faranti mai huji-huji a ƙasa don iska ta shiga, da ƙarafa uku da tukunya ke zama a kai. Yana saurin tafasa ruwa, kuma ana ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri.

Sirrinsa yana ga filin da ke tsakanin tukunya da jikin murhu. In filin ya yi faɗi, wuta ta gudu sama. In ya matse ƙwarai, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya dawo ta ƙofa. Shi ya sa kowane murhu da lambar tukunyarsa. In za ki wurin maƙeri, a kasuwar Katako ko a nan unguwa, tafi da tukunyarki. Ki sa ta a ciki a gabansa. Ki zura yatsa a kewaye, ki ji ko filin daidai yake ta kowane gefe. Ki girgiza tukunyar ki ga ko tana rawa.

Ki duba kaurin ƙarfen. Wutar sana'a ba ta hutawa, siririn ƙarfe ba ya jure mata. In babbar tukunya ce, ki ce a yi miki da ƙarfe mai kauri, a ƙarfafa inda tukunya ke zama. Zai fi tsada. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ku kuma kula da yara, don jikin murhun ƙarfe yana zafi ƙwarai.

Kada ku rikita shi da tsohon murhun ƙarfe da ake ce wa malgashi. Shi malgashi tukunya a samansa take zama, gefenta a buɗe, iska tana wasa da wutar.

Murhun gawayi

Gawayi ba shi da hayaƙi da yawa, ba ya baƙanta tukunya sosai, kuma wutarsa tana tsayawa. Ya dace da gashin nama da kifi, da shayi, da ajiye miya da zafinta. Amma ga babbar tukunya yana da tsada. Ga daji kuma ya fi icce ɓarna. Kafin a sami kilo 1 na gawayi a irin ƙunar da aka saba yi, sai an ƙona icce kilo 5 ko fiye. In za ku sayi murhun gawayi, ku nemi wanda aka shafe cikinsa da gasasshen yumɓu, mai ƴar ƙofa da ake buɗewa a rufe. Yumɓu yana riƙe zafi, ƙofar kuma tana rage wuta ko ta ƙara ta.

Akwai kuma gawayin dutse. Ana haƙo shi a wajen Cirozerin, cikin jihar Agadas, inda kamfanin SONICHAR yake tun 1975. Wanda aka gyara don girki yana da wuyar kamawa, amma in ya kama yana daɗewa. Yana buƙatar murhunsa na musamman. Kafin ki sayi murhun, ki tabbata akwai mai sayar da gawayin kusa da ke.

Gargaɗi ɗaya kan kowane irin gawayi. Yana fitar da wata iska mai guba, wadda ba a gani, ba a jin warinta. Kada a shiga da murhun gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa, ko da sanyin hunturu ya yi tsanani. Mutum yana kwanciya barci, ba ya tashi.

Murhun gaz

Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a ƙarshen 2011, ƙasarmu tana yin gaz nata. Masu girki da shi sun ƙaru a birane. Akwai butali mai kilo 6, akwai mai kilo 12 da rabi.

Gaz ba shi da hayaƙi. Yana kamawa nan take. Ana rage shi, ana ƙara shi, ana kashe shi da juya hannu. Fiye da rabin zafinsa yana shiga tukunya. Ga mai shayi da ƙwai, ga mai suya, ga ɗumama miya in mai saye ya zo, babu kamarsa.

Amma a kula da irin kan da za a saya. Ƙaramin kan da ake ɗaurawa bisa butali mai kilo 6 na ƙaramar tukunya ne. Kada a ɗora masa babbar tukunya, zai kife. Mai sana'a ta nemi murhun gaz na ƙasa, gajere, mai ƙafafun ƙarfe masu kauri, wanda ake haɗa shi da butali ta tiyo. Kafin ki biya, ki sa a kunna shi. Wutar kirki shuɗiya ce. In ta yi ja ko rawaya tana baƙanta tukunya, iska ba ta isa ba, ko kan ya toshe, kuma gaz ɗinki ke tafiya a banza. Ki tambaya ko ana samun kayan gyaransa a kasuwa.

Wadda ta dogara da gaz tana buƙatar butali biyu, ɗaya a wuta, ɗaya a ajiye. Ranar da na farko ya ƙare, ranar za a kai shi canji.

Ga dokokin gaz. Ku karanta su, ku koya wa masu taya ku aiki.

1. Butali a tsaye yake zama. Ba a kwantar da shi.
2. A ajiye shi a inuwa, nesa da murhun icce da na gawayi.
3. A duba tiyo kullum. In ya bushe ko ya tsage, a canza shi. Ba a ɗaure shi da leda ko roba.
4. In ana shakkar yoyo, a shafa ruwan sabulu a mahaɗa. In ya yi kumfa, akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana.
5. In an ji warin gaz, a rufe butali, a buɗe ƙofa da taga. Kada a kunna wuta ko fitila. Gaz ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya.
6. In babban kai yana jan gaz da ƙarfi, butali yana yin sanyi har ya yi raɓa, wuta ta rage. Kada a matsa shi kusa da wuta don ya ɗumama. A canza da ɗayan.
7. In an tashi aiki, a fara rufe butali, sannan a rufe murhu.

Rigakafi ya fi magani.

Wasu suna tambaya kan murhun lantarki. Ga babbar tukunya kuɗin wutar yana da yawa. Kuma kun san yadda wuta ke ɗaukewa a lokacin zafi. Mai sana'a ba za ta jingina tuwon rana a kanta ba.

Gwaji da lissafi

To, wanne ya fi? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga gwajin da kowa zai iya yi.

Mako na farko, kada ki canza komai. Ki ja layi bakwai a littafinki, kowace rana da layinta. Duk abin da kika kashe a icce, ko gawayi, ko gaz, ki rubuta. Ki rubuta kuma tiya nawa kika dafa. Ranar bakwai ki haɗa.

Sannan ki ari murhun da kike so ki saya, wurin wata ƴar'uwa da ke da shi. Ki raba icce kashi biyu daidai. In da hali ki auna shi a sikelin mai shago. Ki dafa tiya ɗaya ta shinkafa a tsohon murhu. Ki dafa tiya ɗaya a sabon, da tukunya iri ɗaya da ruwa daidai. Ki duba iccen da ya rage a kowane gefe. Ki maimaita sau uku, don gwajin rana ɗaya yana ruɗi. Gani ya kori ji.

Ga misalin lissafi. Ku sa naku kuɗin a wurin waɗannan.

A ce wata tana sayen icce na jika 2 kowace rana. A ce gwaji ya nuna sabon murhu ya rage mata kashi ɗaya cikin huɗu. Kashi ɗaya cikin huɗu na jika 2 dala 100 ne. A ce maƙeri ya yi mata murhun a jika 10. Dala 100 sau 20 jika 10 ke nan. Wato a kwana 20 murhun ya biya kansa. Daga nan, kowane wata mai kwana 30 jika 15 ke saura a hannunta. Ku lissafa na shekara da kanku.

Ga yadda ake gwada gaz da icce. Kilo 1 na gaz yana yin aikin busasshen icce wajen kilo 10 a murhun duwatsu uku. In murhun iccen gyararre ne, kilo 1 na gaz yana daidai da icce wajen kilo 6. Don haka butali mai kilo 12 da rabi yana tsayawa a matsayin icce wajen kilo 125 a duwatsu uku, ko wajen kilo 75 a gyararren murhu. Ki tambayi kuɗin canjin butali yau. Ki auna damin iccen da kike saye, ki ga kilo nawa ne. Ki lissafa nawa za ki biya kafin ki tara kilo 125. Sai ki ajiye kuɗin biyu gefe da gefe. A birni, inda icce ke da tsada, sau da yawa gaz ke cin nasara. A ƙauye, inda icce ke kusa kuma mai gaz ke nesa, murhun laka ya fi dacewa.

Kada ki manta da kuɗin farawa. Gaz yana son kuɗin butali, da na murhu, da na tiyo, da na kan da ke daidaita ƙarfinsa. Ki haɗa su duka, ki raba da abin da za ki rage kowace rana. Abin da ya fito shi ne yawan kwanakin da za ki yi kafin kuɗinki su dawo.

Shawararmu

Mai abincin sayarwa ta yi murhu iri biyu. Babbar tukunyar tuwo, ko ta wake, ko ta shinkafa, ta hau murhun laka ko Mai Sauƙi mai kauri. Suya da ɗumame da aikin gaggawa su hau gaz, in ana samunsa. Ranar da babu gaz, icce yana nan. Ranar da ruwa ya jiƙa icce, gaz yana nan. Ta haka ciniki ba ya tsayawa. Amma a raba su, kowanne da gefensa na rumfa.

Kuma murhu mai kyau yana son hannu mai kyau. Ga abubuwan da ba su cin ko dala:

A rufe tukunya da murfi.
A jiƙa wake tun dare.
A faskara icce ƙanana, a shanya shi ya bushe. Ɗanyen icce hayaƙi ne kawai.
Kada a cika murhu da icce. Guda biyu ko uku sun isa a lokaci ɗaya.
In tukunya ta tafasa, a rage wuta. Ƙarin wuta ba ya ƙara saurin nuna.
A gama yanka da daka da wanki kafin a hura wuta.
A kwashe toka kowace safiya, don iska ta shiga.
In an sauke, a kashe ragowar icce da yashi, a ajiye na gobe.
A tare iska da zana ko katanga, amma a bar sama a buɗe don hayaƙi ya fita.

A ajiye bokitin yashi kusa da murhu. In man suya ya kama wuta, kada a zuba ruwa. Ruwa yana sa man ya fantsama, wutar ta bi mutum. A kashe murhu, a rufe kaskon da babban murfi.

Ina za a sami kuɗin?

Wata za ta ce: na ji, amma ba ni da jika 10 a hannu. Gaskiya ne. Amma kuna da adashi. Kuna da asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ya yaɗu cikin ƙasa. Ku haɗu ku goma. Kowane kwasa a yi wa mutum ɗaya murhu. In kun je wurin maƙeri tare, da aiki goma a hannu, zai rage muku. Murhun laka kuma gayya yake so: yau a gina na wannan, jibi a gina na waccan. Wadda ta iya ta koya wa wadda ba ta iya ba.

Ku guji cin bashi mai nauyi don sayen babban murhu mai kawuna da yawa, irin na manyan gidajen abinci, alhali tukunya biyu kuke ɗorawa. Ku fara da abin da cinikinku zai iya biya. In ciniki ya ƙaru, a ƙara murhu. Sannu ba ta hana zuwa.

Maza, ku ma da aikinku. Ku taya matanku kwaɓa laka da kafa rumfa. Maƙera, ku riƙe awo, ku sa ƙarfe mai kyau. Malaman cibiyoyi, ku sa lissafin murhu cikin darasin ƙidaya.

Aikin wannan mako shi ne layi bakwai a littafi. Ku fara gobe da safe. In mun sake haɗuwa, kowa ya zo da littafinsa, mu haɗa lissafin tare.

Allah ya sa albarka a sana'arku. Allah ya tsare mu da gobara. Allah ya ba mu damina mai kyau. Wassalamu alaikum.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

1. Wane irin murhu masu abincin sayarwa ke amfani da shi a garinku?
2. Awa nawa ake tafiya kafin a samo icce yau? Awa nawa ake yi a zamanin iyayenku?
3. Mace tana sayen icce na dala 300 a rana. Sabon murhu ya rage mata kashi ɗaya cikin uku. Nawa ta rage a kwana 30?
4. Wa ya iya ginin murhun laka a garinku? Yaushe zai koya wa saura?